Sarkin Tambaya Bai Zo Hindawiyya Ba

A Mina na tsinci littafin, bayan alhazai sun watse. Duk shekara idan aikin Hajji ya zo nakan bar shagon turaren da nake tsare wa wani mutum a kasuwar Zahir in tafi can dako, idan an tashi kuma mu ne masu naɗe katifu da kwashe shara. Abin da alhaji ke mantawa a tanti ba a magana: silifa wari ɗaya, laima, haƙoran roba, maganin hawan jini. Amma littafin labari ban taɓa gani ba sai ran nan. Na ce lallai wannan alhaji da ƙarfin hali yake, ka baro ƙasarku ka zo jifan Shaiɗan da labarin kisan kai a jaka. Bangon ya yage, amma cikin lafiya lau yake, kuma fassarar Larabci ce, wanda shi nake karantawa ba tare da na sha wuya ba. Na cusa shi a aljihu na ci gaba da aikina.

Labarin wani shugaban 'yan sanda ne a wani ɗan ƙaramin gari a Amurka, irin wanda mutanen gari ke zaɓa da kansu. Kafin nan ya daɗe yana aikin leƙen asiri a ƙasashen mutane, ya gaji, ya koma garinsu da niyyar hutawa. Bai gama kwance kaya ba sai wani tsoho mai gidan mai ya ɓace, ba shi ba motarsa. Shi ke nan hutu ya ƙare. Mutumin ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, bindigar ma da wuya ya taɓa ta. Tambaya kawai yake yi, in ana ba shi amsa kuma ba fuskar mutum yake kallo ba, hannunsa yake kallo.

A shago nake karantawa idan ciniki ya yi sanyi, in na koma gida unguwarmu Hindawiyya hutun rana sai in ba Inna labarin inda na tsaya. Inna mahaifiyata ce. Ita ta kawo mu Makka ni da Yaya muna yara, ta Chadi da Sudan, bayan mahaifinmu ya rasu. Gidan namu ɗaki biyu ne da ɗan fili a saman wani tsohon bene, ni da matata da 'ya'yanmu, da Yaya da nata 'ya'yan tun da mijinta ya rasu, sai Inna. Ba ta yi karatu ba, amma tana son labari kamar me, illa dai ba ta barin ka ka kai aya.

"Auta, wai shi mutumin nan ba shi da wata sana'a sai tambaya?"

"Ai ita ce sana'ar, Inna."

"Ya ƙwanƙwasa ƙofa, a buɗe masa?"

"A buɗe. Har gahawa suke dafa masa."

"Ya ce ina gidan wane, a nuna masa?"

"Har da rakiya."

"Tabɗi! Garin wawaye ke nan. Ƙara min shayi."

Ita ta raɗa masa Sarkin Tambaya. Kullum da na cire takalmi sai ta ce, "To, yau kuma wa ya je ya dama?" Duk garin mutum ɗaya ta yaba, wata tsohuwa da ta leƙo ta taga ta ce masa ba ta ga komai ba, ta rufe tagarta. Inna ta tafa hannu ta ce wannan ce kaɗai aka haifa da hankali a cikinsu.

Wanda bai san irin zamanmu ba zai ɗauka rigimar tsufa ce. Inna ba ta taɓa riƙe iƙama ba, wato takardar izinin zama, tun ranar da ta taka ƙasar nan. Yaya ma haka. Tawa kuwa ta mutu tun da kafilina ya rasu, Balaraben da nake ƙarƙashin sunansa. A irin gidanmu, tare da Fatiha yaro ke koyon doka ɗaya: in an tare ka a hanya, kar ka faɗi gida. Ka ce ka ɓata, ka ce ka manta, ka ce duk abin da ya zo bakinka, amma kar ka nuna ƙofa, domin in an biyo ka ba kai kaɗai za a kwasa zuwa tarhil ba, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Wace ƙasa kuma? 'Ya'yanmu ko a mafarki ba su san ta ba. Hoto ma Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska, tana zagin mai wayar.

Na kai wajen rabin littafin ranar da ta fita. A lokacin ta fara mantuwa kaɗan-kaɗan, ta zuba gishiri sau biyu, ta nemi carbin da ke wuyanta, amma ba abin da zai sa a tsare ta a ɗaki. Da hantsi ta sa abaya ta ce za ta Harami ta yi azahar, kamar yadda takan yi in ta ji ƙarfin jikinta. Ina shago, Yaya ta tafi sayar da ƙosai, matata na wanki. Na dawo hutun rana da labarina a baki, Sarkin Tambaya ya gano motar tsohon a bayan wani rumbu, ban tarar da wadda zan ba ba. Muka ce ta tsaya la'asar. Muka ce ta tsaya magariba. Da aka yi isha'i Yaya ta zauna a matakalar bene ta ɗora hannu a ka.

Washegari, wallahi ba don wasa ba, littafin nan na bi, don ba ni da wani malami a wannan fanni sai shi. Dabarar mutumin ita ce ka koma inda aka ga wanda ya ɓace a ƙarshe, a daidai lokacin da aka gan shi, ka nemi waɗanda kullum suke wurin. Na sauko da hantsi na fara daga bakin lungu. Mai gasa tamis, burodin da muke karyawa da shi, ya ce ya gan ta ta wuce, har ta yi masa tsiya kan ya ƙona na jiya. Mai baƙala na gaba, wato mai kantin kayan masarufi, ya ce ta yi wajen titi. Na ji ƙarfi ya zo min, na ce ashe abin yana ci.

Da na shiga cikin namu mutanen kuwa, sai ƙofofi suka fara rufuwa. Laifin bakina ne ko na littafin, oho. Ƙarfe nawa kika gan ta? Da wa take tafe? Wace mota ta hau, wa ke tuƙa ta? Mata da suka san ni tun ina yawo ba wando suka dinga kallona kamar na zo da motar kame. Wani direban da ke jigilar mutane zuwa Harami a ɓoye, wanda muka yi wasan ƙwallo tare muna yara, ya ce da ni, "Ya shaikh, yaushe ka fara yi wa hukuma aiki?"

"Uwata nake nema, kai!"

"Allah ya bayyana ta. Ni ban ɗauki kowa ba jiya."

Ƙarya yake, har kunnensa ya nuna. Na shaƙe shi, aka raba mu. Sai da yamma ya aiko matarsa ta gaya wa Yaya cewa shi ya kai ta, ya sauke ta inda ake sauke mutane su ƙarasa da ƙafa, lafiyarta ƙalau, don Allah kar a ambaci motarsa. Iyakar abin da bincikena ya haifar ke nan. A garin Sarkin Tambaya in mutum ya bi wani titi, duk mai shago zai tuna launin hularsa. Ni kuwa sawun Inna ya kai ni bakin Harami, inda duniya gaba ɗaya take shiga tana fita, tsofaffin mata cikin baƙar abaya ba iyaka. Na yi kwanaki ina bin bayan tsofaffi, in sha gabansu in leƙa fuska, ana yi min tsawa da harsunan da ban taɓa ji ba. Duk sallar da aka idar sai a kira sallar gawa, in tsaya a sahu in yi tare da jama'a, hankalina yana kan ƙofofi.

A littafin, idan sawu ya ɓace mutumin asibiti yake zuwa, ya nuna alamar aikinsa, a buɗe masa ko'ina. Na ce zan je asibitoci. Yaya ta tare ƙofa.

"Ka je da wace takardar? Su ce kawo iƙama, ka ce me?"

"To mu zauna mu zuba ido?"

"Ka je su riƙe ka, in rasa uwa in rasa ƙane, a biyo sawu a kwashe yaran nan? Wallahi Inna da kanta sai ta tsine maka."

Na yi ta masifa, na harbi bokiti, amma gaskiya ta faɗa, na kuma sani. Sai muka nemi wani ɗalibi ɗan Kano da ke karatun hadisi, muna sallah masallaci ɗaya, takardunsa cikakku. Bawan Allah ne, bai yi musu ba. Muka gaya masa cikakken sunan Inna da na mahaifinta. Hoto babu. Yaya ta ja masa kunne har sau nawa: "Malam, ka tambaya da suna kawai. In sun fara cewa mene ne haɗinka da ita, ina take zaune, ka ce ma'alesh, a yi haƙuri, ka juyo." Haka ya yi. Ya zaga asibitocin da ya sani, ko'ina a duba a ce babu mai wannan suna, ba a masu jinya ba, ba a waɗanda suka rasu ba. Ya nemi wanda ya tambaya masa a tarhil, can ma babu. Da ya kawo mana labari muka yi hamdala, har Yaya ta soya masa ƙosai ya tafi da shi. Muka ce tunda ba ta asibiti, tana hannun wasu bayin Allah, mantuwa ce ta taso mata, za ta tuna.

Makonni suka wuce. Na koma shago don ciki ba ya jira. Littafin yana cikin aljihun tebur, ban taɓa shi ba, sai wata rana haushi ya sa na ɗauko na ce bari in ga ƙarshen wannan ɗan rainin hankali. Ya gano komai, mana. An kashe tsohon ne saboda wani tsohon sirri, an jefa shi a rijiya, kuma wanda ya kashe shi yana cikin masu taya nema. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne babin ƙarshe: an ciro gawar, an kai wa 'yarsa, gari ya rufe shaguna ya raka shi, aka kafa dutse aka rubuta sunansa. Wallahi hassada na yi wa 'yar nan. Na zauna a cikin ƙamshin turare ina jin ƙyashin wata mace da ba a taɓa haifa ba, don an ba ta gawar ubanta. Na jefar da littafin ya bugi kwalabe. Daga baya na ninke shi na tokare ƙafar kanta da shi, don dama tana girgiɗi.

Ana gab da azumi wata mata ta zo sayen turaren wuta. Muna ciniki ta ji wani maƙwabcin shago yana yi min addu'ar Allah ya bayyana. Ta tambaya, na gaya mata a taƙaice, don na gaji da maimaitawa. Sai ta ce akwai wadda suke haya gida ɗaya, tana aikin shara a wani asibiti, ta taɓa ba su labarin wata tsohuwa Bahaushiya. Ta ce ba ta ce ita ce ba, amma mu je mu ji.

Muka je ni da Yaya bayan la'asar. Mai sharar 'yar Chadi ce, Hausarta rabi Larabci, ɗakinta ɗaya a bayan kasuwar Zahir. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta ce bayan Hajjin da ya wuce motar asibiti ta kawo wata tsohuwa sashen mata, an ɗauko ta a bakin titi kusa da Harami, ta faɗi ta karye a ƙugu. Ba takarda a jikinta, sai carbi. An yi mata Larabci ta yi kamar ba ta ji, shi ne aka kira ita mai sharar ta yi tafinta.

"Tana da bille?" in ji Yaya.

"Tana da shi, a kumatun hagu."

"Rabin tsofaffin Makka bille gare su," Yaya ta faɗa tana kallona, kamar ni na yi gardama.

Na ce, "Baiwar Allah, hankalinta ya gushe ne?"

"Wane irin gushewa! Ras take. Ta tambaye ni alƙibla. Ta ce shayinsu ruwan wanke kofi ne, in ina da imani in samo mata na'ana'a."

Wannan bakin Inna ne sak. Na kama kaina ina kallon hannun matar, irin kallon mutumin littafin, ina roƙon Allah in ga yatsa ya motsa, in ce ƙarawa take yi. Hannunta na kan gwiwarta, bai ko girgiza ba.

Ta ce, "Na tambaye ta suna a gaban likita, ta ce ta manta. Ina gida, ta ce ita baƙuwa ce. Ni na san abin da take tsoro, ai ni ma a irin gidan na tashi. Na bari sai da suka fita, na sunkuya na ce, Hajiya, ni taki ce, wallahi ba zan gaya musu ba, ki faɗa min unguwa kawai in je in sanar da 'ya'yanki. Ta kalli rigar aikin da ke jikina, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, 'Yarinya, ba ni da 'ya'ya. Ba ni da kowa.'"

Ta ce ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ta koma mata, da lallashi, da rantsuwa, amsar ba ta sake ba. Amma duk lokacin da aka turo ƙofar ɗakin sai tsohuwar ta ɗaga kai ta duba wanda ya shigo. Ana nan kwanciya ta jawo mata ciwon ƙirji, shi ya tafi da ita. An ajiye ta a ɗakin sanyi an daɗe ana jiran mai nema. Da ba wanda ya zo aka yi mata sutura, aka kai ta Harami tare da wasu aka sallace su, aka binne ta a matsayin majhula, wadda ba a san ko wace ce ba.

Da suna muka aika a nema. Mu da ta raina da hannunta, mu da muka haddace dokarta tun kafin mu yi wayo, ba wanda ya faɗo masa a rai cewa ita ma za ta bi dokar. Kuma ko ɗalibin nan ya tsaya a ƙofar asibitin da take ciki, mu muka ce masa ya juyo da an fara tambaya.

Muka yi wa matar godiya muka fito. Yaya tana gaba tana sauri kamar ana kiran ta, sai da muka kai bakin titi ta tsaya ta juyo.

"Ka ji ko? Ba ita ba ce."

Ta matso dab da ni.

"Inna ce za ta ce ba ta da 'ya'ya? Inna? Matar da ta goya ka ta riƙe hannuna ta ratsa ƙasa biyu da mu? Haba, Auta! Wannan wata ce can, Allah ya jiƙan ta. Tamu tana nan."

Na dube ta. Ta damƙe bakin mayafi kamar za ta yaga shi. Ta sani. Ta fi ni sani, don ta fi ni daɗewa a hannun Inna. Ni da ba na iya haɗiye magana, ni da na shaƙe abokina a kan titi, ran nan na haɗiye.

Na ce, "Haka ne, Yaya. Ba ita ba ce."

Ba a yi zaman makoki ba, ba wanda ya zo mana ta'aziyya, don ba a ce an mutu ba. Sau ɗaya na je babbar maƙabartar bayan gari ni kaɗai. Fili ne iya ganinka, duwatsu a jere, ba rubutu a kan ko ɗaya, haka ake yi a nan ga mai suna da marar suna. Mai gadi ya ce wa nake nema, sai kawai na yi wa mamatan wurin sallama gaba ɗaya na juyo. Ban ma tabbata maƙabartar ce ba.

Ban sa ran wani labari zai sake zuwa ba, kuma na daina leƙa fuskar tsofaffi. A gida in an ambace ta, da "Allah ya bayyana ta" ake rufewa, in ce amin tare da kowa. "Allah ya jiƙan ta" kuwa sai na sauko daga bene na fita lungu nake faɗa, a hankali, don kada Yaya ta ji.